Kwale-kwalen St Ayles: yadda garuruwan bakin teku a Sikotlan suka koma haɗa jirgi da hannunsu

Anstruther ƙaramin gari ne a gaɓar gabashin Sikotlan, cikin yankin Fife, daidai inda mashigar Forth ke buɗewa zuwa Tekun Arewa. Kifi ne ya gina shi, musamman herin, dangin wanda ake sayar mana da sunan shawa. A 1907, lokacin da kasuwar wannan kifi ta kai ƙololuwa, Sikotlan ta gishirta ganga miliyan 2.5 ta tura waje, akasari zuwa Jamus da Rasha da gabashin Turai. Yaƙin duniya na ɗaya da na biyu suka karya kasuwar, kifin ma ya ƙaurace wa ruwan Forth. A 1969 aka buɗe gidan tarihin kamun kifi na Sikotlan a bakin tashar jiragen garin, a wani fili da can da akwai wani ƙaramin coci mai suna St Ayles. Abin da iyaye suka ci abinci da shi ya koma abin da 'ya'ya ke biyan kuɗi su kalla.

Gidan tarihin yana da wani babban jirgin katako na kamun herin mai suna Reaper, wanda ya haura shekara 100, kuma masu aikin sa-kai ne ke kula da shi, su ne ke fita da shi teku. Aiki ne abin yabo, amma yana da iyaka. Tsawon jirgin ƙafa 70 ne, gyaransa na cin kuɗi, kuma wuraren da suka fi muhimmanci a jikinsa sai gwani ke sa musu hannu. Malamar makaranta ko direban bas da bai taɓa riƙe zarto ba, iyakarsa ya tsaya a bakin tasha ya ɗauki hoto. To ta yaya za a mayar da mutanen gari kan ruwa, alhali sana'ar da ta kai kakanninsu can ta mutu, magina jirgin da suka rage kuma ana ƙirga su da yatsu?

Shawarar 2009

A farkon 2009 wani mai suna Alec Jordan, wanda ke da ƙaramin kamfanin yanka katakon kwale-kwale a Fife, ya tattauna da shugabannin gidan tarihin kan wata tsohuwar al'ada. Har zuwa wajen shekarun 1950, masu haƙar kwal na ƙauyukan gaɓar Fife suna da kwale-kwalensu, kuma sukan yi gasar tuƙi tsakanin ƙauye da ƙauye. Gasar ta mutu. Shawarar ita ce a farfaɗo da ita, amma da sharaɗin cewa mutanen kowane gari su ne za su haɗa nasu jirgin.

Gidan tarihin ya ba Iain Oughtred aikin zana jirgin. Haifaffen Ostareliya ne da ya zauna a tsibirin Skye, kuma ya yi suna wajen zana ƙananan jirage da ake haɗawa da filawud da gam maimakon ƙusa. Ya rasu a 2024. Ya ɗauko siffar daga kwale-kwalen Fair Isle, wani ɗan tsibiri da ke tsakanin tsibiran Orkney da Shetland a arewacin Sikotlan, kwale-kwalen da shi kuma asalinsa jiragen Nowe ne: baki biyu masu tsini, gaba da baya, falle kan falle kamar yadda aka san jiragen arewacin Turai tun fiye da shekara dubu. Tsawonsa ƙafa 22, wato mita 6.7, faɗinsa ƙafa 5 da inci 8. Mutum huɗu ke tuƙi, kowa da filafili ɗaya, na biyar na zaune a baya yana riƙe da akala. Aka sa masa sunan tsohon cocin nan. Na farko da aka haɗa, mai suna Chris o' Kanaird, ya shiga ruwa a Oktoban 2009.

A ganina dabara biyu ce ta ɗauki wannan shiri, kuma babu wadda za ta yi aiki ba tare da 'yar'uwarta ba. An sauƙaƙa ginin da gangan har wanda bai san komai ba ya iya shiga, sannan aka ɗaure gasar da doka yadda mai kuɗi ba zai sayi nasara ba. Sauran abubuwan da ake yabon shirin da su, daga nan suka tsiro.

Yadda ake haɗa shi

Abin da ke hana mutum gina jirgin katako ba ƙarfin hannu ba ne, ido ne. Kowane falle a jikin jirgi yana da nasa lanƙwasa, faɗinsa a tsakiya daban, a baki daban, kuma idan ka shimfiɗa shi a ƙasa ba za ka ce zai zauna inda ake so ba. Gane wannan siffa shi ne abin da almajirin magini ke shafe shekaru yana koyo. Shi ne kuma abin da aka cire daga wuyan masu sa-kai. Kamfanin Jordan yana yanka fallayen da haƙarƙarin jirgin da katakan da ake ɗora gini a kansu da injin da kwamfuta ke sarrafawa, ya aiko wa kulob ɗin tuƙi na gari a shimfiɗe. Kamar dai tela ya auna ya yanka yadi, ya miƙo maka ka ɗinka: ɗinkin ma aiki ne, ana iya ɓata shi, amma ba a nan ake asarar yadi ba.

Duk da haka kada a ɗauka wasan yara ne. Ƙunshin da ake aikowa filawud ne kawai. Ƙashin bayan jirgin, da bakinsa na gaba da na baya, da gefen sama da ake jingina filafili, da bencin zama, da filafilan kansu, duk katako ne tsantsa da kulob zai nemo, ya yanka, ya fere da kansa. Da yawa sukan yi amfani da larch, itacen da ake samu a Sikotlan kuma yake jure ruwa. Bakin jirgi ma ba a sassaƙa shi daga gungume ɗaya: siraran katakai ake shafa wa gam, a lanƙwasa su tare a kan ma'auni, a matse har su bushe a haka.

Sannan ga matsalar tsawo. Allon filawud ƙafa 8 ne, jirgin kuwa ƙafa 22, don haka kowane falle a gutsuttsure yake zuwa, sai an haɗa. Ana fere bakin guntu biyun a karkace, gangaren ya kai kamar ninki takwas na kaurin allon, a shafa gam, a ɗora ɗaya kan ɗaya yadda kaurin wurin haɗin zai zo daidai da sauran jikin. Idan aka kauce ko da kaɗan wajen daidaita su, fallen zai fito da wata lanƙwasa da ba tasa ba, kuma ba za a gane ba sai an zo ɗora shi. Mutum ya riƙe wannan haɗi a ransa, domin za mu sake cin karo da shi.

A kife ake gina jirgin, cikinsa na kallon ƙasa. Ana kafa katakan siffa a kan wani dogon gado da aka daidaita sarai, a shimfiɗa ƙashin baya a samansu, sannan a fara ɗora fallaye daga tsakiya zuwa ƙasa, na dama da na hagu bi da bi don kada jirgin ya karkace. Kowane falle yana hawa kan gefen wanda ya riga shi, kuma kafin a ɗora sai an fere gefen na ƙasan daidai da kusurwar da sabon zai zauna, kusurwar da ke canzawa daga wannan taku zuwa wancan. Wajen baki kuma ana rage kaurin haɗin a hankali har fallayen biyu su shafe su zama ɗaya. Nan ne mai haƙuri ke bambanta da mai gaggawa.

Gam ɗin da ake amfani da shi, ifoksi, yana da nasa hali. Ruwa biyu ne ake gaurayawa bisa ma'auni, kuma da an gauraya agogo ya fara tafiya: kafin ya fara daskarewa dole an shafa, an ɗora fallen mai tsawon ƙafa 20 da wani abu, an matse shi tun daga wannan baki har wancan, an share wanda ya tsatso. Mutum ɗaya ba zai iya ba, mutum biyu ma da ƙyar. Wato shi kansa gam ɗin yana tilasta gayya. Ga shi kuma ba ya son sanyi; idan rumfar ta yi sanyi da yawa ba ya kamawa yadda ya kamata, alhali lokacin sanyi ne ake ginin, lokacin da rana ke faɗuwa a Sikotlan tun wajen ƙarfe huɗu. Saboda haka ake ta fama da na'urar ɗumama ɗaki da tamfol a rumfunan shanu da garejin mota da shagunan da ba kowa da ɗakunan koyon sana'a na makarantu, duk inda aka samu aro. Falle ɗaya ko biyu a mako, da yamma bayan an tashi aiki ko ranar Asabar, haka ake tafiya har watanni.

Ranar da aka kafa fallen ƙarshe akwai ɗan biki, a al'adar magina jirgi na can har kwalba ake buɗewa. Amma babbar rana ita ce ta juya jirgin. Ana kiran jama'a, a ɗaga shi daga kan katakan siffa, a birkice shi, a karon farko a ga cikinsa. Masu ginin da suka yi zaton sun kusa gamawa a ranar suke gane cewa rabi suka yi. Saura kankare busasshen gam a kowane lungu, da sa benci da gefen sama, da gugar samfefa da ba ta ƙarewa, da fenti shafi bayan shafi. Wannan kashi na biyu ba shi da daɗin kallo, amma shi ne ya fi buɗe ƙofa, domin babu wanda zai ce bai iya guga ba.

Kuɗin duka, a shekarun farko, fam dubu kaɗan ne. Ba ƙaramin abu ba ne ga mutum ɗaya, amma gari na iya tara shi da sayar da shayi da kek, da ɗan tallafin hukuma, da roƙon 'yan kasuwar gari. A kwatanta da kwale-kwalen gasa na Cornwall a kudu maso yammacin Ingila, mai ƙafa 32 da matuƙa shida. Shi ana yin sa ne da katakon elm bisa ma'aunin wani jirgi mai suna Treffry da aka gina a 1838, ƙwararrun magina ne ke yi, masu duba aiki na bibiyarsu, kuɗinsa kuma ya ninka na St Ayles sau da yawa. Kyakkyawan jirgi ne, ya raya sana'ar magina. Sai dai kulob sayensa yake yi, ba ya gina shi. Mutanen Fife sun zaɓi wata hanya daban.

Dokar da ta hana kuɗi magana

Ranar 29 ga Mayu 2010 aka yi gasar farko a Anstruther da jirage shida, kuma a nan aka kafa ƙungiyar tuƙin gaɓar teku ta Sikotlan. Cikin garuruwan da suka fara gini akwai North Berwick da Port Seton da Portobello a gefen Edinbara, da Ullapool da Coigach can arewa maso yamma, inda ƙauyukan ba su da mutane da yawa.

Duk wanda ya san gasa ya san abin da ke biyo baya. Da an fara cin kofi, wani zai rage wa jirginsa nauyi, wani zai sayo filafilin zamani marar nauyi, kafin shekara biyar kulob mai masu kuɗi ya shanye komai, ƙauyen da ya tara kuɗinsa da sayar da kek ya janye. Ƙungiyar ta tare wannan tun da wuri. Jikin jirgi dole ya bi zanen Oughtred. Nauyinsa kada ya gaza kilo 150. Benci a kafe yake, ba mai zamewa irin na jiragen Olamfik ba. Filafili na katako ne, ba a yarda a ƙwaƙule bakinsa kamar cokali ba. Abin da ke riƙe filafilin a gefen jirgi ma katako ne, turaku ko ƙugiyar itace, ba ƙarfe ba. Manufar da ƙungiyar ta bayyana ita ce nasara ta dogara ga ƙoƙarin matuƙa da gwanintar maginan gari, ba ga kayan tsada da aka sayo daga waje ba.

Wasu na ganin hana ƙarfen riƙe filafili taurin kai ne kawai, tunda ƙarfen ba shi da tsada kuma ya fi sauƙin amfani. Ni dai ina bayan dokar. Turken katako abu ne da kowane kulob zai iya ferewa a rumfarsa, idan ya karye a zare a sa wani. Da an buɗe ƙofar ƙarfe, gardamar ba za ta tsaya a nan ba.

Amma ɗan Adam ba ya rasa ƙofa. Da yake dokar ba ta ƙulle tsawon filafili da yadda ake daidaita nauyinsa ba, can gasar ƙwaƙwalwa ta koma. Kulob-kulob suka yi ta gwaji: dogo ko gajere, mai rami a ciki ko cikakke, wane itace, a ina zai jingina. Tsofaffin injiniyoyi da kafintoci da suka yi ritaya sun samu abin yi. Ƙungiyar ta riƙa gyara dokokin lokaci zuwa lokaci don toshe inda aka wuce gona da iri. Wannan ja-in-ja ba aibu ba ne, tunda a rumfar gari ake yin sa, ba a kantin sayar da kaya ba.

Daga nan abin ya yaɗu fiye da yadda masu shirin suka zata. A 2013 aka yi gasar duniya ta farko a Ullapool, Gimbiya Anne ta gidan sarautar Birtaniya ta buɗe ta. Ta biyu a 2016 a Strangford Lough da ke Ailan ta Arewa, sai Stranraer a 2019, Kortgene ta ƙasar Holan a 2022, aka sake komawa Stranraer a 2025. An gina ɗaruruwan jirage, har a Amurka da Kanada da Ostareliya da Niyu Zilan. A garin Franklin na Tasmaniya da birnin Portland na jihar Oregon, mata ne suka haɗu suka gina nasu. Tseren yakan kasance kilomita 2, kuma an raba shi rukuni-rukuni: matasa, 'yan sama da 40, sama da 50, sama da 60, maza, mata, da gauraye. Wannan rabon ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin jirgi ɗaya na iya fita sau da yawa a yini da matuƙa daban-daban, kaka ta sauka jika ya hau. Akwai kuma dogon tsere na mil 13 a kogin Clyde, daga fadar Dumbarton zuwa tsakiyar Gilasgo, wanda aka fara a 2017.

Shin wannan gina jirgi ne?

Akwai suka mai ƙarfi, kuma bai kamata a share ta ba. Masu riƙe da tsohuwar sana'a suna cewa wanda ya haɗa St Ayles bai koyi zaɓen itace a daji ba, bai koyi karanta jijiyar katako ba, bai turara falle da tururi ya lanƙwasa ba, bai buga ƙusar tagulla ya tanƙwashe bakinta ba. Gaskiya ne. A 2021 hukumar UNESCO ta sa al'adar gina jirgi falle kan falle ta ƙasashen Denmak da Finlan da Aislan da Nowe da Suwidin cikin gadon al'adun duniya, kuma abin da aka karrama shi ne wancan ilimi na ido da hannu da ake gada daga magini zuwa almajiri. Filawud da ifoksi da injin kwamfuta ba su adana shi ba. Duk wanda ya ce shirin Anstruther ya ceto sana'ar magina jirgi ta gargajiya ya yi ƙari.

Sai dai tarihi yana da abin cewa a nan. Tsibiran Shetland ba su da itatuwan kirki, don haka ɗaruruwan shekaru, har cikin ƙarni na 19, daga yammacin Nowe suke sayo kwale-kwale, wasu a haɗe, wasu kuwa a fallaye, a zo a harhaɗa a gida. Jirgin da Oughtred ya kwaikwaya daga wannan zuri'a ya fito. Aiko da jirgi a shimfiɗe a haɗa shi a bakin ruwa ba baƙon abu ba ne a wannan teku.

Kuma akwai dalili na aiki da ya sa gam ya fi ƙusa dacewa da kulob. Jirgin gargajiya yana son zama a ruwa. Idan ya daɗe a tudu katakon ya bushe ya tsuke, haɗin ya buɗe, sai an mayar da shi ruwa ya jiƙa ya kumbura kafin ya daina yoyo. Na filawud da gam ba ya haka. Yana iya kwana a kan tirela ko a rumfa, a ja shi da ƙaramar mota zuwa wani gari mai nisan mil 200, a sauke shi a hau nan take. Ba don haka ba da gasar gari da gari ba ta yiwu ba, ba don gasar ba kuma da yawancin jiragen sun tsaya a na farko.

Bayan an gama biki

Ranar ƙaddamarwa kowa na nan, ana busa, ana raɗa wa jirgi suna, ana tafi. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Jirgin katako ba a gama shi, kuma abin da ke raba kulob mai rai da wanda ya mutu a tsaye shi ne wa zai zo rumfa a watan Janairu.

Babban abokin gaban jirgin ba ruwan teku ba ne, ruwan sama ne. Gishiri yana rage wa ruɓa ƙarfi, amma ruwan daɗi da ya kwanta a cikin jirgi ƙarƙashin yagaggen tamfol shi ke ciyar da ita. Filawud kuma raunin sa a gefe yake: muddin fenti ya ƙwarzane har ruwa ya samu bakin allon, zai bi tsakanin shimfiɗun ya raba su, daga waje ba a ganin komai sai an danna an ji laushi. Ƙwarzanewa kuwa kullum ce, tunda a kan tsakuwa da siminti ake jan jirgin, wani lokaci tirelar ma ta fi teku yi masa illa. Ifoksi da kansa rana na cinye shi idan ba a rufe shi da fenti ba. Saboda haka duk shekara sai an fito da jirgin, a wanke, a bushe, a bi shi taku-taku, a goge, a cike, a sake fenti, a duba ƙarfen da ke kare ƙashin baya, a canza turakun da suka cinye, a gyara wuyan filafilai inda suke gogayya. Ga ƙurar guga da ke buƙatar abin rufe hanci, ga gam ɗin da idan ya saba taɓa fata yakan jawo ƙaiƙayin da mutum ba ya rabuwa da shi, har wani ya daina shiga rumfar gaba ɗaya.

A nan ne kulob kan rabu gida biyu ba tare da an yi faɗa ba. Akwai waɗanda gini ya kawo, da jirgi ya shiga ruwa sai su ji aikinsu ya ƙare. Akwai waɗanda tuƙi ya kawo, sun tarar da jirgi a shirye, ba su san wahalar da aka sha a kansa ba, suna jan sa a kan dutse ba tare da gabansu ya faɗi ba. Da shekaru suka tafi kashi na biyu ya fi yawa, kuma haka ya kamata, ai don a hau aka gina. Amma idan gyara ya zama aikin dattawa uku da suka yi ginin farko, to kulob ɗin ya koma abin da aka guje wa tun farko: 'yan kaɗan masu sani, da jama'a masu amfani.

Maganin da garuruwa da yawa suka samu, wataƙila ba da niyya ba, shi ne jirgi na biyu. North Berwick da Portobello da Port Seton duk ba su daɗe ba suka ƙara. Dalilin fili shi ne masu son tuƙi sun fi benci huɗu yawa, kuma da jirgi biyu ana iya tsere a cikin gida. Amma ribar ɓoye ta fi: an sake buɗe rumfa, maginan farko sun zama malamai, sababbin shiga sun riƙe abin fere katako da hannunsu. Wanda ya shafe sanyi guda yana goge cikin jirgi ba sai an ce masa ya ɗaga shi sama da tsakuwa ba. Sai dai ba za a yi ta gina sabo don kawai a koyar ba. Wurin ajiya na da iyaka, inshora da rigunan ceto da tirela duk kuɗi ne da ke dawowa kowace shekara, kuma masu ba da tallafi sun fi son sabon jirgi da za a ɗauki hotonsa a kan galan ɗin fenti.

Yanzu jiragen farko sun haura shekara 15, kuma nan ne gam ke karɓar bashinsa. A jirgin gargajiya, idan falle ya lalace, ana yanke ƙusoshinsa a zare shi a sa sabo, sauran jikin bai sani ba. A St Ayles fallen ya zama jiki ɗaya da na sama da na ƙasa da shi, ba ya zaruwa. Sai dai a yanke wurin da ya ruɓe ko ya fashe har a kai ga lafiyayyen katako, a fere bakin ramin a karkace ta kowane gefe, a yanko faci daga filawud mai kauri ɗaya, a fere shi ya dace, a manna, a matse shi a jikin da ke lanƙwashe inda abin matsewa ba ya kaiwa. Wato haɗin nan ne na makon farko na gini, amma wannan karon ba a kan tebur ba, kuma babu kwamfutar da ta yanko maka siffar. Kamfani na iya aiko da sabon allo, amma auna ramin da fere shi sai wanda ke tsaye a gaban jirgin. Kulob ɗin da ya bar sababbin shiga suna yin wannan aiki da hannunsu, ko da facin farko zai fito da ɗan tudu, yana da mai yi masa na gaba. Wanda bai yi haka ba, sai ya ɗora jirgin a tirela ya kai wa ƙwararre, ya biya.